Rarraba sahihin lokaci ta zaren gilashi: me ya sa tauraron ɗan'adam ya daina wadatarwa?

A watan Nuwamban 2022, babban taron ƙasa da ƙasa kan ma'aunai, wanda ya zauna a Versailles ta ƙasar Faransa, ya amince a shiga shirin sauya ma'anar sakan, tare da sa ran yanke hukunci a 2030. A cikin waɗannan shekaru kuma ana ta jin labarin ƙasashe irin su Faransa da Jamus da Italiya da Birtaniya da Sin suna kashe kuɗi wajen kai lokaci ta layukan zaren gilashi, wato irin kebul ɗin da ke ɗauke da intanet. Mai karatu zai iya tambaya: tun da ko wayar hannu tana samun lokaci kyauta daga taurarin GPS da ke kewaya duniya, me ya kai gwamnatoci ga wannan ɗawainiya? Labaran biyu tushensu ɗaya ne. Agogunan da ake ƙerawa a yau sun kai wani matsayi na inganci wanda tsofaffin hanyoyin kwatanta su ba sa iya ɗauka, sannan ayyukan yau da kullum masu yawa sun rataya a kan hanya guda wadda toshe ta ba shi da wuya.

Lokaci daban, yawan bugu daban

Kowane agogo abu biyu ne a haɗe: wani abu mai bugawa a kai a kai, da wani mai ƙidaya bugun. Adadin bugun da ake yi a sakan ɗaya shi ne abin da wannan sharhi zai kira yawan bugu, kuma shi ne lambar da ake nufi idan aka ce tashar rediyo tana kan megahaz kaza. Lokaci kuwa shi ne inda ƙidayar ta kai. Agoguna biyu na iya tafiya da gudu ɗaya sak alhali ɗaya yana gaban ɗan'uwansa da minti biyar har abada. Irin waɗannan sun daidaita a yawan bugu amma sun saɓa a lokaci.

Wannan bambanci shi ke raba aikin gida biyu. Mai son aika yawan bugu zuwa wani gari buƙatarsa ita ce tsawon tafiyar saƙon ya tsaya a yadda yake, ko da bai san adadinsa ba. Mai son aika lokaci kuwa sai ya san tsawon tafiyar daidai, domin saƙon da ke cewa ƙarfe goma sha biyu ta yi ya riga ya tsufa kafin ya isa hannun mai karɓa. Shi ya sa aika lokaci ya fi wuya, kuma bajintar da aka nuna a ɗayan ba ta zama hujja a kan ɗayan, ko da yake rahotanni sukan cakuɗa su.

Ma'aunan da ake magana da su ƙanana ne ƙwarai. Mikirosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan, nanosakan kashi ɗaya cikin biliyan, fikosakan kuma kashi ɗaya cikin tiriliyan. A nanosakan ɗaya, haske a sarari santimita 30 kacal yake iya ci.

Yadda agogo ya tsere wa ɗan aikensa

Louis Essen da Jack Parry ne suka haɗa agogon atam na siziyam na farko mai aiki sosai a 1955, a cibiyar ma'aunai ta Birtaniya, NPL. A 1967 duniya ta amince cewa sakan ɗaya shi ne tsawon bugu 9,192,631,770 na igiyar maikurowef da ta dace da wani sauyi a cikin atam ɗin siziyam. Lokacin duniya na bai ɗaya, UTC, ba daga agogo guda yake fitowa ba: Ofishin Ma'aunai na Duniya da ke Sèvres, kusa da Paris, shi ke lissafa shi daga agoguna sama da 400 da ke cibiyoyi kimanin 80. Tun da agogunan a warwatse suke, lissafin ba ya yiwuwa sai an kwatanta su daga nesa, kuma shekaru da dama taurarin ɗan'adam ne ke wannan aike, suna kai lokaci da kuskuren da bai wuce nanosakan ɗaya zuwa 'yan kaɗan ba.

Hakan ya wadatar da siziyam. Mafi kyawun agogunansa sun san yawan bugunsu har zuwa lamba ta 16, wanda ke nufin sai bayan shekara kusan miliyan 300 za su yi kuskuren sakan ɗaya. Daga baya aka sami agogunan haske, masu amfani da atam irin su sitirontiyam, wanda ke bugu kimanin tiriliyan 429 a sakan. Mafi inganci a cikinsu sun kai lamba ta 18, wato sun ninka siziyam kusan sau ɗari. Tauraron ɗan'adam kuwa sai an kwashe kwanaki ana tara awo kafin ya kusanci lamba ta 16, saboda saƙonsa yana ratsa sassan iska masu sauyawa, kuma na'urorin karɓa suna da nasu tangarɗa. Kwatanta agogunan haske biyu ta wannan hanya kamar auna zinariya ne a sikelin buhuna: abin da za a gani kuskuren sikelin ne. Ga shi kuma ba za a ɗora sabuwar ma'anar sakan a kan agogunan da ba a tabbatar sun yarda da juna ba.

Abin da zaren ke yi wa haske

Zaren gilashi ya fi iska biyayya, amma shi ma ba a tsaye yake cak ba. Haske a cikinsa yana gudun kimanin kilomita 200,000 a sakan, wato mikirosakan 5 a kowace kilomita. Idan zafi ya ƙaru, gilashin yakan ɗan miƙe kuma gudun hasken a cikinsa yakan sauya, abin da ke ƙara wa tafiyar kimanin fikosakan 40 a kowace kilomita idan zafin ya hau da digiri ɗaya. Adadin kamar ba komai ba ne, sai an ninka shi: a layi mai tsawon kilomita 1,000, digiri ɗaya ya isa ya karkatar da lokaci da nanosakan 40, kuma sauyin zafi tsakanin yanayin shekara yana kai abin ga ɗaruruwa. Zaren da aka rataya a kan turaku ya fi wanda aka binne shan wannan wahala. Ga kuma girgizar jiragen ƙasa da manyan motoci da injunan sanyaya ɗakunan na'urori, waɗanda ke matsa zaren suna sake shi sau da yawa a cikin sakan ɗaya.

Matsala ta biyu ita ce dusashewa. Bayan kilomita 100, kashi ɗaya cikin ɗari na hasken ne kawai ke saura, don haka sai an sanya na'urorin ƙara ƙarfi a kan hanya, galibi bayan kowace kilomita 80 zuwa 100.

Dabarar zuwa da dawowa

Maganin da kusan duk hanyoyin suka dogara da shi guda ne: a aika saƙo, a sa ya dawo, a auna abin da ya same shi. A 1994, Long-Sheng Ma da Peter Jungner da Jun Ye da John Hall, a cibiyar JILA da ke Boulder a Amurka, sun nuna yadda ake yin haka da hasken leza. Ana tura hasken zuwa ƙarshen layi, a mayar da wani ɓangarensa ta cikin zaren da ya bi, sannan a kwatanta wanda ya dawo da wanda bai je ko'ina ba. Bambancin da aka gani ninki biyu ne na ɓarnar hanya, sai na'ura ta rage rabinsa daga hasken da ke shirin fita. Mai karɓa a can nesa yana samun bugu mai tsabta kamar a gefen agogon yake zaune.

Dabarar tana da iyaka. A layin kilomita 1,000, zuwa da dawowa yana cin kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, kuma duk girgizar da ta fi haka sauri ta wuce kafin labarinta ya iso. Wannan ne ya sa ake yanka dogon layi gunduwa-gunduwa, a kafa tashoshi a tsakani, kowace tana karɓar hasken, ta sabunta shi da tata leza, ta kuma gyara nata yankin.

Babban sharaɗin kuwa shi ne tafiya da dawowa su zama daidai da juna, kuma a nan ne aikin ya fi tsauri. Kamfanonin sadarwa sun saba amfani da zare biyu, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa, kuma na'urorinsu na ƙara ƙarfi ɓangare ɗaya kawai suke barin haske ya bi. Idan zare ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo da mita ɗaya, lissafin lokaci zai kauce da nanosakan biyu da rabi ba tare da wata alama ta bayyana ba. Idan aka bi zare ɗaya amma da launin haske biyu, launukan ba su da gudu ɗaya a cikin gilashi, don haka sai an auna bambancin an cire. Juyawar duniya ma tana da hannu: hasken da ya nufi gabas yana bin mai karɓan da ke matsawa gaba, wanda ya nufi yamma kuma mai karɓan na tarbarsa. Wannan shi ake kira tasirin Sagnac, kuma a layin da ya miƙe gabas da yamma a kan layin da ya raba duniya arewa da kudu yakan kai kimanin nanosakan 5 a kilomita 1,000. Ba a ganinsa a awon zuwa da dawowa, sai dai a lissafa shi daga taswirar hanyar da kebul ɗin ya bi.

Abin da ya faru da gwajin OPERA ya nuna girman haɗarin. A Satumban 2011 masu binciken suka sanar cewa wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira nutirino, waɗanda aka harba daga CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin atam ta Turai da ke kusa da Geneva, zuwa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kimanin kilomita 730, sun riga haske isa da nanosakan 60. A farkon 2012 aka gano cewa mahaɗin wani zaren gilashi mai kai lokacin GPS zuwa agogon ƙarƙashin ƙasa ne ba a ɗaure shi da kyau ba.

Hanyoyin da ake bi, da inda kowace ta kai

Kwamfutoci da yawa suna daidaita agogonsu ta tsarin NTP da David Mills ya tsara a shekarun 1980, wanda ke kai lokaci ta intanet da kuskuren 'yan kashi cikin dubu na sakan. Tsarin PTP, wanda aka fara fitarwa a 2002 a ƙarƙashin ƙa'idar IEEE 1588, yana iya sauka ƙasa da mikirosakan idan na'urorin hanya sun dace da shi. White Rabbit, wanda aka soma a CERN a 2008 don daidaita na'urorin harba ƙwayoyi, ya kai ƙasa da nanosakan ɗaya, kuma an shigar da dabarunsa cikin ƙa'idar a 2019. An tsara shi ne don tazarar kilomita goma, amma an gwada shi a Finland a layin kilomita 950 tsakanin Espoo da Kajaani, kuma kasuwar hannun jari ta Jamus tana amfani da shi. A Poland, masana jami'ar AGH ta Kraków sun ƙera wani tsari da ke kai lokaci da yawan bugu tare, wanda ya haɗa ofishin ma'aunai na Warsaw da cibiyar Borowiec a kan zare mai tsawon kilomita 420.

Ƙololuwar inganci tana wajen masu aika hasken leza tsagwaronsa, inda kaɗawar hasken kanta ce saƙon. Tun da launin da zaren sadarwa ya fi ɗauka ya bambanta da na agogon, ana amfani da wata na'ura mai kama da mataji, mai haƙoran haske a jere da tazara ɗaya, don fassara bugu daga wannan launi zuwa wancan. Aikinta na cikin abin da ya ba John Hall da Theodor Hänsch kyautar Nobel a 2005. A 2012 aka haɗa cibiyar Max Planck da ke Garching da hukumar ma'aunai ta Jamus, PTB, da ke Braunschweig a kan kilomita 920, kuma kuskuren layin bai kai ya taɓa lamba ta 18 ba. A 2016 aka wallafa kwatancen agogunan sitirontiyam na Paris da Braunschweig ta layin kilomita 1,415. Wannan hanya yawan bugu take kaiwa. Ba ta faɗin ƙarfe nawa sai an ɗora mata wani tsarin.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Saɓani na farko tsakanin sama ne da ƙasa. Masu goyon bayan tauraron ɗan'adam suna da hujja mai ƙarfi: na'urar karɓa ba ta da tsada, tana aiki a tsibiri da hamada da cikin jirgi, kuma ingancinta ya wuce buƙatar mafi yawan masu amfani. Masu goyon bayan zare suna nuni da cewa saƙon da ya taso daga nisan kilomita 20,000 yana isowa a raunane, ƙaramar na'ura na iya danne shi ko ta maye gurbinsa da na bogi, kamar yadda matuƙa jiragen sama ke fama a yankin tekun Baltic da Gabas ta Tsakiya. Tsarin kansa ma yakan yi tuntuɓe: a Janairun 2016, yayin da ake yi wa wani tsohon tauraron GPS ritaya, wasu taurari sun watsa lokacin da ya kauce da mikirosakan 13 na tsawon sa'o'i, abin da ya tayar da ƙararrawa a na'urorin kamfanonin sadarwa. Sai dai zare ma injin haƙa ƙasa na iya tsinke shi, kuma wuri biyu kawai yake haɗawa. Idan aka auna hujjojin, sun fi karkata ga haɗa hanyoyin biyu, kowace ta zama mai gadin 'yar'uwarta, kuma can manufofin gwamnatoci suka nufa. Umarnin shugaban Amurka na Fabrairun 2020 da shirin cibiyar lokaci ta ƙasa da Birtaniya ta sanar a shekarar duk suna neman madogara ta biyu ne, ba tare da watsar da ta farko ba.

Saɓani na biyu kan kuɗi ne. Hayar zare sukutum don lokaci kaɗai tana ba masana 'yancin sanya duk na'urar da suke so, amma tsadarta tana hana faɗaɗawa. Aron launi ɗaya a cikin zaren da ke ɗauke da intanet ya fi araha, sai dai dole mai layin ya yarda a kewaye na'urorinsa a kowace tasha da wasu masu barin haske ya bi ta ɓangarori biyu, kuma kamfanoni suna tsoron abin da zai taɓa zirga-zirgar abokan cinikinsu. Layin Paris da Braunschweig ya haɗa salon biyu, inda suka gamu a Strasbourg: ɓangaren Jamus zare ne keɓaɓɓe, na Faransa kuma yana tafiya tare da bayanan intanet a kan RENATER, cibiyar sadarwar jami'o'in ƙasar. Nasararsa ta nuna cewa zaman tare yana yiwuwa, kuma a kan wannan salo Faransa ta gina REFIMEVE, shirinta na rarraba yawan bugu ta zare zuwa cibiyoyin bincike.

Teku ce ba a shawo kanta ba. Na'urorin ƙara ƙarfi da ke kwance a ƙarƙashin ruwa an gina su ne don hanya ɗaya, kuma ba mai sauka ya canza su. Saboda haka agogunan Turai na iya kwatanta kansu ta zare, amma tsakaninsu da na Amurka ko Japan galibi sai ta tauraro, ko a ɗauki agogon tafi-da-gidanka a kai shi. Na'urorin ACES, wato agogunan atam na hukumar sararin samaniya ta Turai da aka kai tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a Afrilun 2025, wani yunƙuri ne na rage wannan giɓi.

Abin da zai iso ga jama'a

Agogon bango da na waya ba za su canza ba, domin za a zaɓi sabuwar ma'anar sakan ne ta yadda tsawonsa zai ci gaba daga na yanzu. Tasirin yana ɓoye a cikin ayyukan da ake amfani da su kullum. A yawancin tsarin 5G, turakun sadarwa suna aikawa da karɓa bi da bi a kan zango ɗaya, don haka ba a so kowanne ya kauce wa ma'auni da fiye da mikirosakan ɗaya da rabi. Idan suka saɓa, maƙwabta suna danne juna, kira ya yanke, intanet ya yi nauyi. Masu kula da manyan layukan lantarki suna gano inda waya ta sami matsala ta hanyar kwatanta lokacin da girgizar ta isa ƙarshen layin biyu, kuma kuskuren mikirosakan ɗaya na iya kautar da ma'aikata da mita ɗari da wani abu. A Tarayyar Turai, dokar MiFID II da ta fara aiki a Janairun 2018 ta wajabta wa masu cinikin hannun jari da kwamfutoci masu sauri su riƙe agogonsu cikin mikirosakan 100 na UTC, domin a iya tantance wanda ya riga wani idan rigima ta taso. A duk waɗannan, abin da zare ke ƙarawa shi ne aiki ya ci gaba ranar da saƙon sama ya ɗauke. Kuɗin ginawa kuwa daga baitulmali ko aljihun kamfanoni zai fito, kuma wuraren da manyan layuka ba su ratsa ba za su daɗe suna dogaro da tauraro.

Akwai kuma amfanin da ba shi aka nufa tun farko ba. Bisa ka'idar Einstein, agogon da ke tudu ya fi na kwari sauri, kuma a lamba ta 18 ana iya ganin bambancin tsayin santimita ɗaya. A wani aiki da aka wallafa a 2018, an kai agogon PTB na tafi-da-gidanka ɗakin binciken Modane da ke cikin ramin Fréjus, hanyar da ta ratsa ƙarƙashin duwatsu tsakanin Faransa da Italiya, aka haɗa shi da cibiyar ma'aunai ta Italiya, INRIM, da ke Turin ta zaren kilomita 150 don gwada auna bambancin tsayi na kusan mita 1,000 da agogo. Idan dabarar ta nuna, za ta taimaka wajen daidaita ma'aunin tsayin ƙasa tsakanin ƙasashe, wanda aikin madatsun ruwa da bin diddigin hawan teku ke buƙata. Ita kuma girgizar da ake ta ƙoƙarin gogewa daga layin ta zama labari mai amfani ga wasu: a 2018 wata tawaga ƙarƙashin Giuseppe Marra na NPL ta nuna cewa irin wannan leza tana jin girgizar ƙasa ta cikin kebul, ciki har da na ƙarƙashin teku tsakanin Malta da Sicily, kuma a 2022 suka maimaita gwajin a kan kebul mai tsawon kilomita 5,860 tsakanin Birtaniya da Kanada, a ƙasan tekun da kusan babu na'urorin auna girgiza a cikinsa.